Ibrahim Bare Mainasara da tsarin mulkin 1996

An haifi Ibrahim Bare Mainasara a shekara ta 1949. Asalinsa ƙasar Arewa ce, wajen Dogon Dutsi. Tun yana saurayi ya shiga soja. Ya yi aiki kusa da Seyni Kunce, ya yi jakadan Nijar a Aljeriya. A 1995 ya zama babban hafsan sojojin ƙasa.

A lokacin nan ana aiki da tsarin mulkin 1992. Tsarin mulki shi ne uwar dokoki. Shi ke faɗin yadda za a yi zaɓe, da iyakar ikon kowa. Na 1992 ya raba iko biyu: shugaban ƙasa da firaminista. A zaɓen Janairu 1995, ƴan adawa suka samu rinjaye a majalisa. Sai ga Mahaman Usman shugaba, ga Hama Amadu firaminista, ba su ga maciji da juna. Aikin gwamnati ya tsaya cik.

Ran 27 ga Janairu 1996, Bare ya yi juyin mulki. Ya sa aka rubuta sabon tsari, jama'a suka jefa mishi ƙuri'a ran 12 ga Mayu. Wannan tsari ya tattara iko ga hannun shugaban ƙasa. To, kujera ta ƙara nauyi, Bare ya tsaya takara.

An yi zaɓe ran 7 da 8 ga Yuli. Mutum biyar suka tsaya, har da Mahamadu Isufu, ɗan jiharmu ta Tawa. Ana cikin ƙirga ƙuri'u, sai Bare ya rushe hukumar zaɓe, ya kafa wata. Aka tsare abokan takararsa huɗu cikin gidajensu. Sabuwar hukuma ta ce ya ci da kashi 52 cikin ɗari. Ƴan adawa ba su yarda ba, suka ƙaurace ma zaɓen majalisa.

Ran 9 ga Afrilu 1999, sojojin da ke tsaronsa suka harbe shi a filin jirgin sama na Yamai. Cikin Yuli na shekaran nan aka sake tsarin mulki, aka koma raba iko biyu.

Ƴan uwa na Madawa, Buza da Keita, in an kira mu ƙuri'ar sake tsarin mulki, mu nemi a karanta muna shi tukuna. Mu tambaya: wa zai riƙe iko, shekara nawa, kuma wa zai ƙirga ƙuri'a?