Abubakar Imam: Marubucin da ya naɗa akun Indiya waziri a ƙasar Hausa

Da wuya a sami wanda ya yi karatun Hausa a makarantun Gwarzo, Kabo ko wani gari na Arewa bai san Waziri Aku ba. Sai dai tsuntsun nan baƙo ne. Dabarar aku mai tsare mutum da hira don hana shi fita ta samo asali ne daga tsofaffin littattafan hikima na Indiya, ta ratso ta Farisa.

Wanda ya kawo shi, Alhaji Abubakar Imam, an haife shi a Kagara a 1911. Ya yi Kwalejin Katsina, yana koyarwa a Midil ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, littafin da ake jin ƙamshin Maƙamatul Hariri a cikinsa.

A 1936 Rupert East ya kira shi Zariya, ya tara masa littattafan Larabawa da na Turawa: Alfu Laila, Kalila wa Dimna, tatsuniyoyin Jamus. Daga nan Magana Jari Ce ya fito, juzu'i uku. Har yau wasu manazarta na cewa aro ya yi. Aron kam ya yi, amma ya sauya wa labaran suna da gari da addini da ba'a, har mai karatu ya rantse a fadar garinsu abin ya faru.

Ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya ziyarci Ingila a 1943. Ya rasu a Zariya a 1981.