Henry Oldenburg, Magatakardan Da Ya Kafa Aikin Editan Mujallar Masana

Mujallar masana dabam ta ke da jaridar labarai. Jarida in ta yi kuskure yau, gobe ta gyara, jibi a manta. Amma abin da ya shiga mujallar masana ya zama shaida, a kansa waɗansu za su yi gini, da shi kuma za a raba gardama ran da mutum biyu suka tashi kowa na cewa shi ya fara gano abu kaza. Saboda haka wanda aka ba riƙon irin wannan mujalla, watau babban edita, amana ce mai nauyi aka ɗora masa. Wanda ya fara nuna yadda a ke riƙon wannan amana a Ingila shi ne Henry Oldenburg, ga shi kuwa baƙo ne a ƙasar, kuma bai taɓa gano wani abu na ilmi da a ke tunawa da shi a kai ba.

An haife shi a Bremen ta ƙasar Jamus wajen 1619, ubansa malamin makaranta ne. A 1653 mutanen garinsu suka aike shi jakada wurin Cromwell, mai mulkin Ingila a lokacin. Da ya gama saƙo sai ya zauna, ya kama koyar da wani yaro ɗan manyan mutane, ɗan 'yar'uwar Robert Boyle, shahararren masanin nan. Ya zaga Faransa da Jamus da yaron, duk garin da suka sauka ya nemi masanan wurin ya san su. Ya ji Latin da Faransanci da Ingilishi da Italiyanci, ban da harshensa na gado.

A 1660 masanan Landan suka kafa jam'iyyar da a ke kira Royal Society, watau Jam'iyyar Sarki, a 1662 kuma aka naɗa Oldenburg ɗaya daga cikin magatakardanta biyu. To, a nan ya kamata mai karatu ya lura da yadda aka yi zaɓen. A cikin jam'iyyar akwai waɗanda suka fi shi ilmi nesa ba kusa ba, amma aikin ba na wanda ya fi kowa sani ba ne. Ana bukatar mai harsuna, mai haƙurin amsa wasiƙa, wanda mutanen ƙasashe suka sani suka yarda da shi, wanda kuma ba shi da wani bincike nasa da zai sa shi kishin na wani. Ya shekara da shekaru yana wannan aiki ba albashi, sai a 1669 aka yanka masa fam 40 a shekara.

Wasiƙu suka yi ta zuwa daga ko'ina, har ya ga kwafe su da hannu ɗaya ɗaya ba zai yiwu ba. Ran 6 ga Maris, 1665, ya fitar da mujalla mai shafi 16 da suna Philosophical Transactions. Wata biyu kafin nan an fara wata irinta a Faris, amma editanta ya cika kaifin alƙalami, ba a jima ba hukuma ta dakatar da ita. Ta Oldenburg kuwa majalisar jam'iyya ta kafa mata sharaɗi: shi zai haɗa ta, a buga Litinin ta farko a kowane wata in ya sami abin da ya isa, amma sai waɗansu 'yan majalisa sun duba an ba da izni. Riba da hasara duka nasa ne, jam'iyya ba ta zuba ko kwabo ba. Ribar kuwa da ƙyar ta kan biya masa kuɗin hayar gida.

Ga yadda ya ke aikin. In takarda ta iso, sai ya rubuta ranar isowarta, a karanta ta gaban jam'iyya, a shigar da ita littafi, don kada wani ya zo daga baya ya yi da'awa. Akawun da ya san amfanin rajistar wasiƙu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Sa'an nan ya kan aika wa wanda ya san fannin ya faɗi ra'ayinsa, ya mai da wa marubuci amsa, ya rage mata zafi in ta yi zafi. Da haka masanan da a da su ke ɓoye abin da suka gano don tsoron sata suka fara saki.

Wahala ba ta bar shi ba. A 1665 annoba ta faɗa wa Landan, manyan jam'iyya suka watse, shi ya zauna, aka koma buga mujalla a Oksfod. A 1666 gobara ta ci birnin, ta haɗa da kayan masu sayar da littattafai. A 1667, ana cikin yaƙi da Holan, aka zarge shi saboda yawan wasiƙunsa na ƙetare, aka kulle shi a kurkukun Hasumiyar Landan wajen wata biyu. Abin mamaki, da sanin hukuma a ke aiko masa wasiƙu da wani sunan aro, Grubendol, wanda ya ƙaga daga haruffan sunansa.

Inda gwanintarsa ta fi bayyana shi ne wajen Isaac Newton. A 1672 Newton, yana da shekara 29, ya aiko da bayanin cewa farin haske gamin launuka ne. Oldenburg ya buga. Robert Hooke da waɗansu masana na Faransa da Holan suka taso da suka, Newton kuwa mutum ne da ba ya jure gardama, har a 1673 ya nemi fita daga jam'iyya. Oldenburg ya yi ta lallashi, ya nemi a yafe masa kuɗin da 'yan jam'iyya ke biya, ya ci gaba da buga suka da amsa gefe da gefe. Haka kuma ya yi da Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a Delft wanda bai ji Latin ba, bai kuma yi karatun jami'a ba. Tun 1673 ya ke buga wasiƙunsa. Da ya aiko a 1676 cewa ya ga ƙananan halittu masu motsi cikin ɗigon ruwa, mutane da yawa suka ƙi yarda. Oldenburg ya fassara, ya buga a 1677, ya kuma nemi ya bayyana yadda ya yi don waɗansu su gwada.

Sai dai akwai inda ya yi tuntuɓe. A 1675 Huygens na Holan ya aiko da labarin wata waya mai naɗi da ke daidaita tafiyar agogon aljihu, ya kuma yi wa Oldenburg tayin haƙƙin abin a Ingila. Hooke ya ce shi ya riga yin wannan dabara, ya zargi Oldenburg da kai asirin jam'iyya waje. Majalisa ta goyi bayan magatakardanta. Duk da haka, a ganina, alƙali ba ya cin rabo cikin dukiyar da a ke shari'a a kanta, kuma da Oldenburg ya ƙi tayin nan tun farko da Hooke bai sami abin kamawa ba.

Ya rasu ran 5 ga Satumba, 1677, bayan ya fitar da mujalla har fitowa 136. Wata biyu bayan haka Hooke ɗin nan ya nuna wa jam'iyya halittun Leeuwenhoek da madubinsa, aka tabbata gaskiya ne. Mujallar ta yi ta tangaɗi a hannun magatakardan da suka biyo baya, har ta tsaya 'yan shekaru kafin a tashe ta a 1683. Sai a 1752 jam'iyya ta karɓe ta, ta naɗa kwamiti mai zaɓen abin da za a buga, har yau kuma tana fitowa. Wasiƙunsa da suka saura sun haura 3,000, an tattara su cikin littafi 13 tsakanin 1965 da 1986.