Abubakar Imam: Editan da ya yi rubutu domin kunnen talaka

A ranar 19 ga watan Yunin 1981 ne Allah ya yi wa Alhaji Abubakar Imam rasuwa a Zariya, yana da shekaru 70 a duniya. Akasarin jama'a sun san shi ne da littafin Magana Jari Ce, amma aikin da ya cinye mafi yawan ƙarfinsa shi ne neman hanyar da rubutu zai isa ga mutanen da ba domin su aka tsara shi ba tun farko.

An haife shi a garin Kagara, wanda yanzu ke cikin jihar Neja, a shekarar 1911. Mahaifinsa Malam Shehu Usman malami ne kuma alƙali, saboda haka da allo da littattafan Larabci ya buɗe ido kafin ya shiga boko. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina daga 1927 zuwa 1932, sannan ya fara koyarwa a makarantar Midil ta garin.

Gasar 1933

A lokacin, boko baƙo ne a ƙasar Hausa. Malamai da 'yan kasuwa da ajami suke rubuta wasiƙunsu da lissafinsu, yaran da aka koya wa haruffan Turawa kuwa ba su da abin karantawa in ban da littattafan aji da aka fassaro. Wannan giɓi ne ya sa Dakta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa a 1933 yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa.

Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. East ya lura da cewa matashin malamin nan na Katsina yana da wata baiwa: in ya rubuta magana, sai ka ji kamar a bakin wani ka tsince ta a dandali.

A 1936 aka ɗauko shi aro zuwa Zariya, inda ya yi kimanin wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littattafai uku. Duk wanda ya duba tsarin littafin zai ga an yi tunanin mai karatu. Labaran gajeru ne, ana iya gama ɗaya a zama guda. Aku ne ke ɗinke su, ta yadda wanda ya ajiye littafin yau zai so ya koma gobe. An sa zane-zane na wata mai zane 'yar ƙasar Beljiyam, Jacqueline de Naeyer, domin idon sabon ɗalibi ya samu wurin hutawa. Mafi muhimmanci, jimlolin sun dace da karantawa a bayyane, domin a wancan zamani mutum ɗaya ne ke karatu, goma na saurare.

Jaridar kwabo ɗaya

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam kuma shi ne editanta na Hausa na farko. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta, kamar yadda masana tarihi suka bayyana, shi ne jita-jitar da ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus ta Hitila. Gwamnatin mulkin mallaka na bukatar bakin da za ta yi magana da talakawa kai tsaye. Sunan jaridar ma kansa ya faɗi kuɗinta, ya kuma yi wa mai saye alkawari.

A nan ne nauyin ya faɗo wa editan. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a shekarar da jaridar ta fito, ga kuma abubuwa da Hausa ba ta da sunansu: jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku, majalisun dokoki, tsarin kuɗi na zamani. Imam bai yarda ya jibga wa mai karatu kalmomin Turanci ba. Yakan nemi abin da ya yi kama da su a rayuwar Bahaushe ya kwatanta, in ya ƙirƙiro kalma kuma sai ya yi ta maimaita ta har ta zauna. Kyakkyawan kaso na abin da yau ake kira daidaitacciyar Hausa a wannan ofis aka sassaƙa shi, har da sabawa da haruffan nan masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda East ya tsaya kai da fata a kansu. Abin ban takaici, da kwamfuta da intanet suka zo, waɗannan haruffa ne suka fara ɓacewa daga shafuka.

Sai dai jaridar boko ta bar mafi yawan masu ilimin Arewa a waje. A 1941 aka ƙara mata wasu shafuka na ajami da aka kira 'Yar Gaskiya, domin malamin zaure da fatake su ma su samu labari da rubutun da suka iya. Wannan tambaya ta wane rubutu za a yi wa jama'a magana da shi ba ta mutu ba. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga ƙananan takardun naira, a 2014 kuma daga sabuwar naira ɗari, aka yi ta muhawara a kai. Ga dattijon da ke ƙirga ciniki a Babbar Kasuwar Kaduna wanda karatunsa na allo ne, batun ba na ado ba ne.

Shafin wasiƙu shi ne ɗaya hanyar da Imam ya buɗe. Masu karatu daga larduna suka riƙa rubuto koke da tambaya da gyara, shi kuma yana amsawa. Ta nan yake gane abin da aka fahimta da abin da ya wuce kan mutane, ta nan kuma matasan ma'aikatan En'e suka fara koyon faɗin ra'ayi a bainar jama'a.

Tsakanin gwamnati da mai karatu

Matsayin nasa ba mai daɗi ba ne. Albashinsa daga gwamnati yake fitowa, amanar da yake riƙe da ita kuwa ta masu karatu ce. Wasu 'yan siyasa masu zafin ra'ayi sun ɗauke shi ɗan lelen Turawa da sarakuna, wasu sarakunan kuma suna ganin jaridar na ba yara bakin magana.

Tafiyarsa Ingila a 1943, cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ta nuna inda ya tsaya. Ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Nnamdi Azikiwe ya shirya, saboda yana ganin Arewa ba ta kai nan ba. Amma a wannan tafiya ce ya gana da Lugga, ya kuma bayyana masa, a baki da kuma a rubuce daga baya, irin zaluncin da ke cikin mulkin En'e da yadda ake watsi da 'yan boko. Labarin tafiyar ne ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Akwai kuma batun tushen labaransa, wanda manazarta adabi, ciki har da Farfesa Ibrahim Malumfashi, suka bi diddiginsa. An gano cewa da yawa daga labaran Magana Jari Ce sun samo asali ne daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm, da wasu littattafan Indiya da Turai waɗanda East ya tara masa. Wannan bai rage masa daraja ba, domin mayar da labarin wata nahiya ya zama na Bahaushe har a kasa gane baƙo ne, gwaninta ce mai zaman kanta. Amma yara masu yawa sun tashi suna ɗauka tatsuniyoyin kakanninsu ne zalla, kuma ƙa'idar bincike ta yau za ta bukaci a gaya wa mai karatu inda kowane labari ya fito, da irin hannun da editan Bature ya sa a ciki.

Bayan aikin jarida

A farkon shekarun 1950 ya shiga majalisar wakilai, sannan ya yi aiki da hukumar NORLA, wadda ta samar wa shirin Yaƙi da Jahilci littattafai da ƙananan jaridun larduna, irin su Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya. A 1955 ya zama mamba a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa a Kaduna. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1968, a shekarun 1970 kuma ya riƙe muƙamin kwamishinan sauraron koke-koken jama'a.

Ita kuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo, ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian da ke kan titin Ahmadu Bello a Kaduna, inda ta ci gaba da fitowa shekaru da dama kafin kamfanin ya durƙushe. An wallafa tarihin rayuwar Imam, wanda Abdurrahman Mora ya tace, a 1989, shekara takwas bayan rasuwarsa.