Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da Takardar Barno

Sunansa na yanka Usmanu, amma da Giɗaɗo ɗan Laima aka san shi. An haife shi wajen shekarar 1776. Ya bi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tun yana saurayi, ya zama aminin Muhammadu Bello, ya kuma auri Nana Asma'u 'yar Shehu. Tun Shehu yana da rai akan aike shi da takardu, har Barno ya je. Sa'ad da Bello ya zama Sarkin Musulmi cikin 1817, sai ya ba shi wazirci. Takardun sarakunan gabas, irin su Kano da Zazzau, ta hannunsa suke shiga, ta hannunsa amsa take fita.

Cikin watan Maris na 1824 wani Bature ya iso Sakkwato ta hanyar Barno, sunansa Kyaftin Kilafaton, mutane suna ce da shi Abdullahi. Waziri ne ya saukar da shi, ya riƙa shigar da shi wurin Sarkin Musulmi. Suka yi ta shawara, har Bello ya rubuta wa Sarkin Ingila Joji na Huɗu takarda. Aka daidaita a kan za a hana kai bayi bakin teku, Ingilishi kuwa su aiko da wakili da likita, a buɗe ciniki. Aka rabu da alheri.

Komowarsa cikin 1826 ita ce ta zo da wuya. Ya biyo ta ƙasar Yarabawa da Nufe, ya tarar yaƙi ya tashi tsakanin Sakkwato da Shehu Laminu na Barno. Ga shi kuwa yana ɗauke da takarda daga hukumar Ingila zuwa ga Shehu Laminu, da kyautai, har da makamai a ciki. Sarkin Musulmi ya sa aka kawo kayansa daga Kano tare da baransa Landa, aka karɓe takardar da abin da za a kai Barno. Nauyin wannan magana a kan Waziri ya faɗa, shi da ya kasance mai masaukin baƙon. Kilafaton ya husata ƙwarai, yana ganin an ci amanar manzo.

To, a nan mai karatu zai so ya san wa ke da gaskiya. Ni dai a ganina, in da ƙara ce aka kawo, kowane yana da hujja. Manzo ba a tozarta shi, abin da aka damƙa masa kuwa amana ne. Wannan al'ada daga baya ƙasashe suka rubuta ta cikin yarjejeniyar birnin Biyana ta 1961, inda aka hana buɗe jakar takardun jakada ko tsare ta. Amma fa wane sarki ne zai bari a ratsa ƙasarsa da bindigogi a kai wa wanda ya ɗaura masa yaƙi? Rundunar Barno a lokacin ta nufo Kano, sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare ta a farkon 1827. Bayan wannan kuma, labarin yadda Ingilishi suka shiga ƙasar Hindu da ciniki suka ƙare da mulki ya riga ya iso Sakkwato. Wanda ya tuna da 1903 ba zai ce tsoron banza suka ji ba.

Abin da za a yaba wa Waziri shi ne ya cika umurnin ubangidansa, bai kuwa bari a taɓa lafiyar baƙo ba. Ciwo ne ya kama Kilafaton, ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827, aka sallami Landa ya koma gida da takardun maigidansa.

Giɗaɗo ya yi wa Bello wazirci shekara 20. Daga baya ya bar aikin ga ɗansa Abdulƙadir, ya zauna yana rubuce-rubuce. Cikin littattafansa akwai Raudul Jinan, a kan karamomin Shehu. Ya rasu wajen 1851, Allah ya jiƙansa. Bayansa kaɗan, cikin 1853, wani Bature mai suna Barth ya zo a madadin Ingila, ya sami takardar alkawarin ciniki daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo yana Waziri.