Wilder Penfield, likitan da ya riƙa yi wa masu farfaɗiya tiyata idonsu biyu

An haifi Wilder Penfield a Amurka a 1891, ya yi karatun likita a Ingila da Amurka. Farfaɗiya kuwa tun a gida ya san ta, domin yayarsa Ruth ta daɗe tana fama da ita.

A 1928 ya je Jamus wurin Otfrid Foerster, likitan da ke yanke tabon ƙwaƙwalwa ga sojojin da raunin kai ya bar musu farfaɗiya. A shekarar ya koma birnin Montreal na Kanada, inda ya gano ƙari ne a ƙwaƙwalwar Ruth. Da hannunsa ya yi mata aiki, amma bai iya cire shi duka ba. Ta rasu a 1931. Bayan shekara uku ya buɗe cibiyar cututtukan ƙwaƙwalwa ta Montreal.

Yadda yake aikin ne abin mamaki. Ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi, don haka fatar kai kawai ake kashewa da allura, a buɗe ƙashi, majinyaci yana farke suna hira. Sai Penfield ya riƙa taɓa wurare da ɗan ƙaramin lantarki. Nan yatsa ya motsa, can magana ta tsaya, sai ya sa alama ya kauce musu. Idan ya taɓa wani wuri majinyacin ya ce ga irin warin nan ko faɗuwar gaban da yake ji kafin ciwon ya kayar da shi, to an kusa tushen cutar. Gwajin EEG, wanda abokin aikinsa Herbert Jasper ya ƙware a kai, shi ke ƙara tabbatar da wurin kafin a yanka.

Ba kowa ya warke ba. Biyu daga majinyatansa sun tashi da mummunar mantuwa, kuma bai ɓoye ba, ya wallafa. A ganina wannan na cikin abin da ya fi cancantar yabo a aikinsa. Ya rasu a 1976.

Yau kusan mutum ɗaya cikin uku masu farfaɗiya magani ba ya tsayar musu da ita gaba ɗaya. Sai dai likita ba ya cewa ta gagari magani sai an sha iri biyu da suka dace, yadda ya kamata. A yankin Birnin Gwari sau da yawa maganin ne ke yankewa, saboda tsada ko rashin tsaron hanya, kuma wannan ba gagara ba ce. Wanda kuwa bai taɓa fashi ba amma yana ci gaba da faɗuwa, ya nemi a tura shi ga likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitin koyarwa na Shika. Ya tafi da kwalayen magungunansa, da wanda ya taɓa ganin yadda ciwon ke farawa.