Charles Dickens: marubucin da ya koyi sana'arsa a zauren kotu

Jama'a da dama da suka yi karatun boko a Najeriya sun san Charles Dickens ne ta hanyar Oliver Twist, marayan nan da ya jawo wa kansa fushin mahukunta saboda ya nemi ƙarin abinci. Sai dai kafin ya wallafa ko da littafi ɗaya, Dickens ya shafe shekaru yana zaune a wani lungu na kotu a birnin Landan, yana rubuta abin da lauyoyi da shaidu da alƙalai suka faɗa, a biya shi ladansa.

An haife shi ranar 7 ga watan Fabrairun 1812 a Portsmouth da ke kudancin Ingila. Mahaifinsa, John Dickens, akawu ne a ofishin biyan albashin sojojin ruwa, mutum mai fara'a da sakin hannu, wanda abin da yake kashewa ya fi abin da yake samu.

A shekarar 1824 aka kama mahaifin saboda bashin kimanin fam 40 da wani mai gasa burodi ke bin sa, aka tsare shi a Marshalsea, kurkukun da ake ajiye waɗanda suka kasa biyan bashi. Matarsa da ƙananan 'ya'yansa suka koma can suka zauna tare da shi. Shi kuwa Charles, mai shekaru 12, aka bar shi a waje yana manna takarda a jikin kwalaben man goge takalma, ana biyan sa sule shida a mako.

Tsarewar ba ta wuce 'yan watanni ba, amma yaron ya fara sanin doka ne a matsayin abin da ya raba shi da gidansu da makaranta. Ya ɓoye wannan labari har ga 'ya'yansa, jama'a ba su ji shi ba sai bayan mutuwarsa.

Gajeren rubutu

A 1827, yana ɗan shekara 15, ya samu aikin ƙaramin akawu a ofishin lauyoyin Ellis da Blackmore, inda yake kwafar takardu da kai saƙo kotuna. Aikin bai gamsar da shi ba, don haka ya duƙufa koyon gajeren rubutu, wato amfani da alamomi a maimakon haruffa domin hannu ya cim ma saurin baki.

Tsarin da ya koya shi ne na Thomas Gurney, wanda ya yi aikin rubuta zaman kotun Old Bailey a ƙarni na 18. Tsari ne mai wuyar sha'ani: ɗigo ɗaya kan sauya ma'ana gwargwadon inda aka ajiye shi, ga kuma tarin alamomi da sai dai a haddace su. Wanda ya iya rubutawa ma bai gama ba, don sau da yawa karanta abin da ya rubuta da hannunsa kan gagare shi. Dickens ya bayyana wannan wahala daga baya a littafinsa David Copperfield.

A ƙarshen 1828 ya bar ofishin lauyoyin ya koma Doctors' Commons, kusa da babbar majami'ar Saint Paul. Sunan ba shi da alaƙa da likitoci, lauyoyin wurin ne ke da digirin dakta a fannin shari'a. A nan kotunan coci ke zama kan wasiyya da gado da rikicin aure, tare da kotun da ke duba al'amuran jiragen ruwa.

Ba albashi ake biyan sa ba. Yakan zauna a wani ɗan keɓaɓɓen wuri da yake rabawa da wani ɗan uwansu, Thomas Charlton, yana jiran lauyan da zai ɗauke shi aiki. Idan an tashi daga zama, sai ya koma ya mayar da alamomin cikakken rubutu. Ranar da babu shari'a kuwa babu kuɗi.

Abin da wannan aiki ke buƙata shi ne kunne. Mai rubuta zaman kotu ba ya gyara wa shaida magana, ba ya kuma taƙaita surutun lauya. Yadda aka faɗa haka yake ɗauka, har da in'ina da kwana-kwana. Za a iya cewa a nan ne Dickens ya samo abin da aka fi yaba masa, wato kowane mutum a cikin littattafansa da irin bakinsa, har mai karatu kan gane mai magana ko ba a ambaci sunansa ba.

Ya kuma ga abin dariya. A cikin rubuce-rubucensa na farko ya ba da labarin wani mutum da aka gurfanar a wannan kotu saboda cacar baki a wani taron coci, aka yanke masa hukuncin korar mako biyu daga coci tare da biyan kuɗin shari'a. Mutumin ya roƙi a yafe masa kuɗin, a kore shi har ƙarshen rayuwarsa, tun da dama ba zuwa yake yi ba.

Daga kotu zuwa majalisa

A farkon shekarun 1830 ya fara ɗauko muhawarar majalisar dokokin Birtaniya ga wata jarida ta kawunsa, John Henry Barrow, sannan a 1834 jaridar Morning Chronicle ta ɗauke shi aiki. Ya yi suna wajen sauri da rashin kuskure. Shi da kansa ya ba da labarin yadda yakan rubuta rahoto a kan tafin hannunsa, da hasken 'yar fitila, a cikin keken doki da ke sheƙa gudu da tsakar dare domin labarin ya riski bugun safe.

Bai rabu da kotu ba. A watan Yunin 1836 ya ɗauko wa jaridarsa ƙarar da George Norton ya shigar yana zargin Firayim Minista Lord Melbourne da neman matarsa. Cikin hujjojin da aka gabatar har da wasu 'yan gajerun wasiƙu da babu komai a cikinsu, amma lauya ya dage cewa ƙarancin kalmomin ma abin zargi ne. Nan take masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka wanke Melbourne.

Bayan 'yan watanni, sai ga irin wannan shari'a a littafinsa The Pickwick Papers, inda lauya ya mayar da takardar da mutum ya rubuta kan abincin da za a dafa masa ta zama shaidar soyayya.

Gadon da shari'a ta cinye

A 1844 Dickens ya shiga kotu a matsayin mai ƙara. Wasu maɗaba'a sun kwaikwayi littafinsa A Christmas Carol suna sayarwa da araha, ya kai su kotun Chancery, ya kuma yi nasara. Amma waɗanda ya kai ƙara suka bayyana cewa sun karye, kuɗin shari'a kimanin fam 700 ya dawo kansa.

Wannan kotu ce ya sa a gaba a Bleak House, wanda ya fito kashi-kashi tsakanin 1852 da 1853. Labarin ya ginu ne kan wata shari'ar gado da aka yi ta ɗagewa, magada suna mutuwa wasu suna gadon ƙarar, wasu suna zaucewa a bakin kotu. Ranar da aka kawo ƙarshenta, sai aka tarar kuɗin lauyoyi da na kotu sun cinye dukiyar baki ɗaya. A gabatarwar littafin ya kafa hujja da wata shari'a ta gaske da aka kusa shekaru 20 ana yi, wadda ta riga ta lashe fam 70,000.

Wasu masana shari'a na ganin ya zuzuta, kuma gaskiya ne an fara yi wa kotun gyara tun a 1852, kafin littafin ya kammala fita. Saboda haka ba daidai ba ne a ce shi ya kawo sauyin, sai dai ya sa talakan da bai taɓa shiga Chancery ba ya san abin da ke gudana a ciki. Dokokin 1857 sun karɓe shari'un wasiyya da na saki daga hannun kotunan coci, aka rushe ginin Doctors' Commons a 1867, sannan dokokin 1873 da 1875 suka haɗe Chancery da sauran manyan kotuna.

Dickens ya mutu ranar 9 ga watan Yunin 1870 sakamakon shanyewar jiki, yana da shekaru 58, aka binne shi a majami'ar Westminster.

Har ƙarshen rayuwarsa bai bar gajeren rubutu ba, kuma ya yi ta sauya alamomin yadda suka yi masa, har wasu takardunsa suka gagari masana fiye da shekaru 150. A 2022, bayan wata gasa da masu bincike suka shirya ta intanet, aka warware mafi yawan wata wasiƙarsa da ke ajiye a New York. Ashe ƙorafi ne ya rubuta wa jaridar The Times a 1859, kan wani talla na mujallarsa da aka ƙi bugawa.