Tarihin Dakta Eugène Jamot, likitan da ya bi ciwon barci har cikin ƙauyuka

Duk ɗan kasuwar da ke sauke kaya a Adawlato cikin birnin Lome, ko yake bin hanyar arewa zuwa Kara, Ketawo da Sinkase, da wuya a yau ya yi ido biyu da mai ciwon barci. A shekarar 2020 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Togo ta kawar da wannan ciwo daga cikin cututtukan da ke barazana ga lafiyar jama'a, kuma ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta sami wannan shaida. Amma a zamanin kakanninmu fatake, masu kora shanu zuwa bakin teku su komo da goro, ciwon barci ya tashi garuruwa da dama. A filinmu na tarihi na yau mun kawo muku rayuwar wani likita Bafaranshe da sunansa ba ya rabuwa da yaƙi da wannan ciwo, wato Dakta Eugène Jamot, wanda ake furta sunansa Jamo.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Jamot ranar 14 ga watan Nuwamba na shekarar 1879 a wani ɗan ƙauye da ke gundumar Creuse, a tsakiyar ƙasar Faransa. Iyayensa manoma ne. Ya fara karatun kimiyyar halittu a garin Poitiers, daga nan ya tafi Aljeriya ya yi aikin koyarwa, kafin daga bisani ya koma karatun likita, wanda ya kammala a Montpellier a 1908. Ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a ƙauyen Sardent, amma bai fi shekara biyu yana wannan aiki ba sai ya shiga sashen likitocin sojan Faransa masu aiki a ƙasashen da ta mallaka. Bayan ya sami horo a Marseille aka tura shi Cadi, yankin Wadai. Da ya koma gida sai ya ƙaro ilimin ƙwayoyin cuta a cibiyar Pasteur ta birnin Paris, sa'annan a 1914 aka tura shi reshen cibiyar da ke Brazzaville. Yaƙin Duniya na Farko ya ci masa kusan shekara biyu yana likitan rundunar da ta shiga Kamaru, wadda a lokacin ke hannun Jamus. A 1916 ya komo Brazzaville ya zama shugaban cibiyar.

Yadda jiki ke fara kokawa da ciwon

Kafin mai karatu ya gane abin da Jamot ya yi, sai ya san abin da ke faruwa a jikin mutum tun daga ranar da ƙudan tsando ya cije shi. Ƙudan yana zuba wata ƙwayar cuta siririya mai wutsiya, wadda likitoci ke kira Trypanosoma. Danginta ne ke sa wa shanu sammore.

Masu fataucin dabbobi sun san cewa sammore kan kama saniya, amma ya bar mai kora ta lafiya lau, alhali ƙuda ɗaya ne ke cizon su. Dalili shi ne akwai wani sinadari a cikin jinin ɗan Adam da ke fasa irin ƙwayar da ke kama dabbobi da zarar ta shigo. Tun 1902 wani likitan Faransa mai suna Laveran ya lura da haka, amma sai a 2003 masana a Beljiyam suka gano sinadarin, wanda ake kira APOL1. Wannan shi ne shinge na farko. Sai dai irin da ke kama mutane a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya san yadda zai tsallake shi.

Idan ƙwayar ta tsallake, wani lokaci wurin cizon kan kumbura. Daga nan sai ta bi hanyoyin ruwan jiki zuwa ga 'yan ƙulluttukan nan da ke wuya da hammata da matsematsi, inda dakarun garkuwar jiki ke taruwa. Can ne faɗa ke kaurewa, wurin ya kumbura, abin da Bahaushe ke kira kaluluwa. A ciwon barci kaluluwar bayan wuya ce ta fi fitowa, kuma galibi ba ta da zafi, shi ya sa ake raina ta. Sai zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da ƙaiƙayi su biyo baya.

Cikin kwanaki kaɗan jiki yakan haɗa makamin da ya dace da rigar da ƙwayar ke sanye da ita, ya kashe mafi yawansu, zazzaɓi ya sauka, mutum ya ɗauka ya warke. Ashe kaɗan daga cikin ƙwayoyin sun riga sun sauya riga. Kamar mai fasa-ƙwauri ne da ma'aikatan kan iyaka suka riƙe lambar motarsa, sai ya dawo da wata lambar. Masana sun gano cewa ƙwayar na da tanadin irin waɗannan riguna sama da 1,000. Saboda haka zazzaɓin kan tafi ya dawo har tsawon watanni, wani lokaci shekaru. Wannan sauyin riga ne ya sa har yanzu babu allurar rigakafin ciwon barci. A ƙarshe ƙwayar kan shiga ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa barci da rana yana kwana ido biyu da dare, halinsa ya canja, ya rame, in ba a yi magani ba kusan kullum mutuwa ce ƙarshe.

Alamar wuyan nan ba Turawa ne suka fara lura da ita ba. A 1803 wani likita ɗan Ingila da ya yi aiki a Saliyo, Thomas Winterbottom, ya rubuta cewa masu cinikin bayi kan lalubi wuyan mutum, in suka ji kumburi sai su ƙi saye.

Dabararsa

Abin da Jamot ya fahimta shi ne, wanda ya kai matakin barci ya riga ya yi nisa, kuma wanda ke matakin farko ba zai je asibiti ba, domin yana noma, yana cin kasuwa, yana tafiye-tafiye, ƙuda na cizonsa yana kai wa wasu. Don haka ya ga ba amfanin likita ya zauna yana jiran marar lafiya, shi ne zai tashi ya je inda mutane suke.

Daga 1917 zuwa 1919 ya gwada wannan dabara a Ubangi-Shari, ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Da 'yan mataimaka kaɗan da madubin likita da ba su taka kara sun karya ba, ya duba mutane kusan 90,000, ya sami masu ciwon sama da 5,000. Tsarin aikin a bayyane yake. A tara mutanen gari kaf, a lalubi wuyan kowa, wanda aka ji kaluluwa a soka allura a ɗebo ruwanta a duba da madubi, a duba jini, wanda aka ga ƙwayar a yi masa allura nan take, a rubuta sunansa, bayan wani lokaci a dawo a sake dubawa. Ko maganin bai warkar da kowa ba, yana rage ƙwayar a jini, ƙuda ya rasa abin ɗauka.

A 1922 aka mai da shi Kamaru, ya kafa sansani a Ayos, bakin kogin Nyong, inda a wasu ƙauyuka fiye da rabin jama'a ke ɗauke da ciwon. A nan ya horar da 'yan ƙasa aikin lalube da duba madubi da allura, kuma su ne suka ɗauki mafi yawan nauyin aikin. A 1926 gwamnatin Faransa ta ba shi hukuma mai zaman kanta don wannan yaƙi. Cikin 'yan shekaru ma'aikatansa suka duba mutane sama da 600,000, suka sami masu ciwon fiye da 100,000, kuma kafin 1931 ciwon ya ja baya sosai a kudancin Kamaru. A wannan shekara aka yi ta yabonsa a babban baje-kolin da aka yi a Paris, har aka gabatar da sunansa don lambar yabo ta Nobel, ko da yake bai samu ba.

Abin da ya faru a Bafia

Ba za a faɗi tarihin nan a ɓoye ɗacinsa ba. Aikin na zamanin mulkin mallaka ne, kuma da ƙarfin hukuma ake tara mutane, ba a neman yardar kowa. A yankunan da ciwon ya yi tsanani matafiyi sai da takardar lafiya yake wucewa, abin da ya takura wa fatake. Magungunan da ake amfani da su, atoxyl da tryparsamide, daga gubar arsenik aka haɗa su, kuma in aka wuce ƙima suna lalata jijiyar gani.

Haka ta faru a yankin Bafia a ƙarshen shekarun 1920. Wani matashin likita da ke ƙarƙashin Jamot ya ƙara yawan tryparsamide fiye da ƙa'ida, mutane wajen 700 suka makance. Da aka yi bincike laifin ya faɗo kan shugaba. A ƙarshen 1931, yana kan hanyarsa ta komawa Kamaru, aka sauke shi daga jirgin ruwa a Dakar, aka raba shi da muƙaminsa. Bai sake komawa aiki a Kamaru ba.

Zuwansa Afirka ta Yamma

A 1932 aka tura shi Wagadugu don ya binciki halin da ake ciki a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Zuwa 1935 ma'aikatansa sun gano masu ciwon wajen 70,000, adadin da hukumomin Dakar ba su so ji ba. Ya nemi a ba shi hukuma mai cin gashin kanta kamar ta Kamaru, aka hana shi.

Togo ma ba ta tsira ba. Tun 1908 Jamusawa suka kafa sansanin killace masu ciwon barci a tsaunukan da ke kusa da Kpalime, inda tsananin magani ya sa mutane suka riƙa gudu. A ƙarshen shekarun 1920 kuma aka gano ciwon ya yi katutu a arewa, a yankin Paguda kusa da iyakar Dahomey, wato Benin ta yau, kuma da irin tsarin Jamot na bi gari-gari aka tunkare shi. A Arewacin Nijeriya su ma Ingilishi sun kafa nasu ma'aikatan yawo, har ciwon ya sa aka gina sabon garin Takalafiya kusa da Ancau a ƙasar Zazzau.

Rasuwarsa

Da ya ga ba a saurarensa, Jamot ya ajiye aiki a 1936, ya koma Sardent ya ci gaba da duba manoma kamar yadda ya fara. Ya rasu a can ranar 24 ga Afrilu, 1937, yana da shekara 57. Bayan shekara biyu, a 1939, aka kafa hukumar da ya nema, mai kula da Afirka ta Yamma ta Faransa da Togo, a garin Bobo-Julaso, ƙarƙashin Dakta Gaston Muraz. Cibiyar binciken lafiya da ke wannan gari tana ɗauke da sunan Muraz, yayin da a Yawunde akwai asibiti mai sunan Jamot.

Bayansa

Aikin ya ci gaba a kan tushen da ya bari, wato sauraron abin da jiki ke faɗi da wuri. A 1978 masana a Antwerp ta Beljiyam suka fito da gwajin ɗigon jini a kan kati, wanda ke nuna ko garkuwar jiki ta riga ta haɗa makami a kan ƙwayar. A 2018 aka amince da fexinidazole, ƙwayar magani da ake sha kwana 10 ba tare da allura ba. Da aka yi sakaci bayan samun 'yancin kai ciwon ya dawo, har aka sami rahoton mutane sama da 30,000 a 1998, amma a 2018 adadin ya sauko ƙasa da 1,000 a duniya baki ɗaya, mafi yawansu a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Bayan Togo, Kwaddibuwa da Benin da Gana su ma sun sami irin shaidarta.

Ga 'yan'uwa masu tafiye-tafiye zuwa Kwango, Afirka ta Tsakiya ko kudancin Kamaru, abin lura shi ne zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, wanda maganin zazzaɓin cizon sauro bai kore shi ba, balle in ga kaluluwa a bayan wuya. Wanda ya ga haka kada ya tsaya ga mai sayar da magani a bakin tasha. Ya je asibiti, ya gaya wa likita ƙasashen da ya ratsa da lokacin da ya yi a can, ya nemi a duba jininsa.